Me za mu kira "greatest hits" da Hausa?

Jama'a, ga abin da ke sa masu gabatar da shirin kiɗa a rediyo inda-inda: faifan da Turawa ke kira "greatest hits", wanda ake tattara waƙoƙin mawaƙi da suka fi karɓuwa a fitar da su wuri guda.

Wasu sun ce bakandamiya. Ban yarda ba. Bakandamiya waƙa ɗaya ce, kuma mawaƙin ne ke tsara abarsa ya wasa kansa a ciki, kamar ta Shata ko ta Narambaɗa. Wannan kuwa tari ne, kuma galibi kamfani ne ke zaɓa, idonsa na kan ciniki.

Wani malami ya kawo "mafifitan waƙoƙi". Allah ya gafarta malam, a dubi Carlos Santana, makaɗin jitan nan haifaffen Meziko. A 1974 aka fitar masa da irin wannan faifai: waƙoƙi 10, duk daga fayafayansa 3 na farko, har da Jingo, wadda asalinta ta Babatunde Olatunji ce, makaɗin ganga ɗan Najeriya. Daga baya kasuwarsa ta yi sanyi. Sai a 1999, ya haura shekara 50, ya fitar da faifan Supernatural. Waƙar Smooth da ke cikinsa ta yi mako 12 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, a 2000 kuma ya kwashe kyautar Grammy 8 a dare guda, ya kamo Michael Jackson a wannan bajintar. To in na 1974 su ne mafifita, Smooth ina za a ajiye ta? Ni ma ban ce ta fi Samba Pa Ti ta faifan 1974 daɗi ba, ta dai fi ta kasuwa.

Kasuwar kuwa muna da kalmarta: tashe. Mukan ce waƙa tana tashe, ta daina tashe, ta sake tashe. Ba mu rantse cewa ta fi kyau ba.

Shawarata ke nan: a ambaton farko a ce "kundin waƙoƙin da suka yi tashe", daga nan a taƙaita "kundin tashe". Wata baiwar Allah ta ce za a zaci tashen yara ne na azumi. Hajiya, in dai sunan mawaƙi na kusa, ba wanda zai ruɗe.

Abin da ya samu Santana a 1999 kuma, a ce masa "tashe na biyu". Masu shiri, ku gwada su a kan iska mu ji yadda za su zauna a baki.