Macen aladena na kwashe shimfiɗa zuwa bakin ƙofa, in bar ta ko in hana?

Jama'a masu kiwo, barkanmu da sanyi. Ina nan Wusasa, Zariya, da macen alade guda, wannan ne cikinta na biyu. A lissafina na kwana 114 daga ranar barbara, saura mako ɗaya ta haihu.

Haihuwar farko ban ji daɗinta ba. Daɓen siminti ne fayau, ta kwana tana tonon ƙasa da hanci tana cizon ƙyaure, ni kuwa na ɗauka ciwo ne. Ashe sheƙa take son yi, abin da suke farawa kamar kwana ɗaya kafin naƙuda. Ta haifi tara, ta danne uku kafin kwana uku.

Bana na zuba mata tattakar shinkafa a kusurwar ciki, inda na tanadi fitila domin 'ya'yan, tunda jariran alade ba sa jure sanyi. To ga inda na maƙale: kullum sai ta kwashe tattakar da baki ta tara a bakin ƙofa, daidai inda iskar hunturu ke shigowa. In mayar, ta sake kwashewa. Taurin kai kamar me!

Shin in bar mata wurin da ta zaɓa in kare ƙofar da buhu, ko in tilasta mata kusurwa? Kuma tattakar, yaya yawanta? Tsorona in ta yi zurfi 'ya'yan su nutse ciki ta kwanta a kansu. Wanda ya taɓa kafa ƙarfe a jikin bango domin 'ya'ya su samu mafaka, don Allah tazarar nawa ya bari daga ƙasa?