Wane suna za mu sa wa firaim namba da Hausa?

Malaman lissafi, ku matso, shawara nake nema. Yaranmu suna cewa firaim namba, amma yawancinsu haddar sunan kawai suka yi. Lamba ce da ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13. A ba yara goro 12, za su kasa shi kashi biyu, uku, huɗu ko shida ba saura. A ba su 13, duk yadda suka kasa sai an sami saura, sai dai in kowa zai ɗauki ɗai-ɗai.

Wasu sun ce lambar farko, tunda Larabawa adad awwali suke cewa, kuma Faransancin da 'yan'uwanmu na Nijar ke karatu da shi ma haka ya tafi. Ban yarda ba. Ka ce wa yaro lambar farko, 1 zai kawo maka, alhali masana ba sa ma lissafa 1 a cikinsu.

Lamba mara rabuwa fa? Ma'anar ta kusa, sai dai akwai tarko. Muna da cika da mara tun kaka da kakanni, yaro kuma yana jin mara zai ɗauka duk mara ce ake nufi. Ga 9 da 15 mara ne, suna rabuwa. Ga 91, wadda take yaudarar har manya, 7 sau 13 ce. Ita kuwa 2 cika ce, kuma tana ciki.

Wani malami ya kawo lambar tubali, wai don da su ake gina sauran lambobi, kamar yadda 60 take 2 sau 2 sau 3 sau 5. Ta burge ni, amma aikin lambar take faɗa, ba yadda za a gane ta ba.

Ni dai na tsaya a kan gagara-raba, irin ginin gagara-gasa da gagara-badau. Kunnen Bahaushe ya saba da shi. Kuma a manyan lambobi ne sunan yake cika bakinsa. 1,000,001 tana kama da gagara-raba, ashe 101 sau 9,901 ce. Maƙwabciyarta 1,000,003 kuwa ta gagara. A 1772 masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da cewa 2,147,483,647 gagara-raba ce, da hannu, ba kwamfuta. A Oktoban 2024 Luke Durant na Amurka ya gano wadda sai an jera alƙaluma 41,024,320 kafin a rubuta ta: a ninka 2 da kanta sau 136,279,841, a cire 1. Ba kuma ita ce ta ƙarshe ba, don Yuklid, masanin lissafin Girkawan dā, ya nuna fiye da shekara 2,000 da suka wuce cewa ba su da iyaka.

Saura kishiyarta, irin su 12 da 91. Rababbiya za mu ce ko haɗaɗɗiya? Na fi karkata ga rababbiya, amma masu koyarwa a firamare, ku gwada wa ɗalibanku mu ji wadda ta fi zama a bakinsu.