Buta mai likkafa ko tulu? A zo mu tsayar da magana

Jama'a ina neman kalmar Hausa ga wani irin mazubi na yumɓu da mutanen Moche suka shahara da shi, su ne suka zauna a gaɓar tekun arewacin Peru daga wajen shekara ta 100 zuwa 800 miladiyya, tun kafin Kolombus ya taka yankin Amurka a 1492. Turawa na ce masa stirrup spout, ƴan Sifen kuma asa estribo, duk dai likkafa suke nufi.

Ga yadda yake: ciki rufe ruf babu baki, sai bututu biyu su taso daga sama su lanƙwasa su haɗe, sannan guda ɗaya ya miƙe tsaye, ta nan ake zubawa ta nan ake tsiyayewa. Wato mariƙin nan rami ne da shi, ruwa ta cikinsa yake bi. Shi kuma cikin wani sa'in kan mutum ne sak, da rawani da tabon fuska har ka ce za ka gane mai shi a kasuwa, wani kuma mujiya ko kwaɗo ko masara, galibi da ja da fari suke zane kuma zubi suke yi a cikin wani mazubin yumɓu mai siffar abin da suke so, shi ya sa ake samun fuska ɗaya a wurare da yawa.

Wani ya ce tulu, nace haba, tulu ai sai an ɗora a ka, wannan kuwa hannu ɗaya ke ɗaukarsa. Wata ta kawo shantali, ba laifi, amma yaran yanzu nawa suka san shi? Ni dai buta na fi so, duk da akwai masu cewa da an ce buta sai hankali ya tafi kan ta roba da ke bakin masallaci. To ai kafin roba da ƙasa ake ginata.

Likkafar ce ba zan bari ba, don duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah da ya ji zai hango siffar. Abin dariya su Moche ba su taɓa ganin doki ba balle likkafa, sai bayan shuɗewarsu ƴan Sifen suka zo da shi, masu tonon kayan tarihi ne suka laƙaba sunan daga baya. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, Rafael Larco Hoyle, wani masanin kayan tarihi ɗan Peru, da siffar wannan bakin ya raba tarihin Moche gida biyar, tarin nasa na nan a gidan tarihi na Larco a Lima. Ƴan Chimu da suka biyo bayansu ma sun ci gaba da yi, nasu baƙi ne mai sheƙi.

Don haka na tsaya a kan buta mai likkafa, jam'i butoci masu likkafa. Ƴan Zinder da Maradi in kuna da wadda ta fi ta ku kawo.