Wace kalmar Hausa ce za ta maye gurbin "backdate"?

'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo, akwai wata kalmar Ingilishi da take yawan fitowa a labaran albashi da na kotu, wato "backdate", kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana a kanta, domin kowa yana fassara ta ne yadda ta zo masa a baki.

Asalin ma'anarta shi ne a rubuta wa takarda kwanan watan da ya riga ya wuce maimakon na ranar da aka yi ta, kamar rasit ɗin da aka yanka yau amma aka sa masa kwanan watan makon jiya, ko takardar ɗaukar aiki da aka sa wa hannu bayan an rufe ɗauka, aka yi kamar tun da can take ajiye a ofis. A nan ina goyon bayan "mayar da kwanan wata baya". Sai dai a kula da kalmar "baya", domin tana fuskantar ɓangare biyu: "a baya" na nufin abin da ya wuce, "daga baya" kuwa na nufin abin da ya biyo. Wanda ya rubuta cewa an sa kwanan wata daga baya ya juya ma'anar gaba ɗaya. Haka ma "ɗage rana" ba ta shigo ba, tun da jinkirtawa take nufi.

Inda aikin yake shi ne ma'ana ta biyu, wadda babu maguɗi a cikinta ko kaɗan, wato a sa wani abu ya fara aiki tun daga wata rana da ta riga ta wuce. A ranar 18 ga Afrilu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, amma ba a daidaita da ƙungiyoyin ƙwadago kan ƙarin sauran ma'aikata ba sai cikin Oktoba, sannan gwamnatin tarayya ta amince a lissafa ƙarin tun daga waccan rana ta Afrilu. Jaridun Ingilishi da wannan kalma suke ba da irin wannan labari. To, idan mai fassara ya ce gwamnati ta mayar da kwanan wata baya, mai sauraro zai ɗauka an taɓa wata takarda ne a ɓoye, alhali ariyas ne kawai za a biya. Abin da ya dace shi ne a ce "ƙarin zai fara aiki tun daga watan kaza", domin "tun" ɗin nan ita kaɗai ta ɗauke nauyin ma'anar.

A fagen doka ma hakan take. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta hau kan laifuffukan da aka aikata kafin a kafa ta, kuma a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a Legas a Afrilun 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi. Sashe na 36(8) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta irin wannan hukunci. Wannan "doka mai waiwaye" nake so mu kira ta, ko da yake na san wasu za su ce ta yi kama da adon magana.

Masu son a ari kalmar a ce "bakdetin" suna da hujjar cewa ma'aikatan ofis sun saba da ita, amma aron zai shigo mana da ruɗanin ma'anoni biyun nan ne cikin Hausa, bayan muna da hanyar raba su. Masu aikin kotu, me kuke cewa a gaban alƙali idan an kawo takardar da aka sa wa kwanan watan da ya riga ya wuce?