Musayar Waƙa: Hawan Tula

Ɗan Kumo:
Assalamu alaikum, ku ba ni wuri,
Na bar Kumo, na wuce Billiri,
Na sauka Kaltungo ba jinkiri,
Daga nan muka kama hawan Tula.

Hanya na murɗe kamar igiya,
Mota na nishi a lamba ɗaya,
Dutsen Kilang muka bar shi a baya,
Iska ta fizge mini hula.

Ƙasa zafi, sama sanyi ya ratsa ni,
Gonaki hawa-hawa sun burge ni,
Da za a ba ni fili in yi gini,
Da na huta da birni da matsala.

'Yar Wange:
Yaya Ɗan Kumo, sannu da hanya,
Gonar da ka ɗauka hoto a waya,
Kakanni suka jera dutsenta ɗaya-ɗaya,
Kar ruwa ya kwashe ƙasa gaba ɗaya,
Kai ka ga ado, mu muka san wahala.

Gini kake so? To bismilla, ga jarka,
Gangara kwari ka cika ta da kanka,
Ka hau da ita, in ka iso da ranka,
Ni zan ba ka filin, har da fitila.

Ɗan Kumo:
Ƙanwata, a yi haƙuri da baƙo,
Tsanina ma da kyar nake saukowa, balle ɗauko!

Malam na Bolari:
Ɗan Kumo, amsa-amonka ya karye, jarka ce ta firgita ka. Ga nawa:

A 1804 Buba Yero ya ɗau tuta,
Ƙasar Gombe da faɗinta ya mallake ta,
Amma doki bai hawan dutse, ya dakata,
"Maza ba tsoro" shi ne kirarin Tula.

Turawa da suka zo, nan suka zauna,
Mulkin Tangale-Waja daga kan tsauna,
Tsohon kurkukunsu na nan, je ka a nuna,
Yankunan Tula: Wange, Baule, Yiri, ka zaga, ka kula.

Baba Direba:
Ku yara, ku ji ta mai sitiyari,
Duba birki tun kana cikin gari,
Rigar sanyi in lokacin hunturu ne, da wuri,
Ku sauko kafin a kira magariba, a yi salla.
Ku fara da gaisuwa a fadar Mai Tula,
Kar ka ɗau hoton dattijuwa ba izini, ka kula.

Na Dass (Jihar Bauchi):
Kafin 1996 jiharmu ɗaya ce,
Kun tafi da Tula, ba mu ce komai ba, mun kauce,
Amma kowa ya san gaskiya ce,
Ba dutse a gaban namu na Mbula.

'Yar Wange:
Kawu na Dass, ka zo ka hau tukuna,
In gwiwa ta yarda, sai mu auna.

Ɗan Kumo:
To Asabar mai zuwa, wa zai bi mu?
Kuɗin mai karo-karo tsakaninmu,
Baba Direba shi zai ja mu,
Kawu a gaba, ni a baya riƙe da hula.