Knockout da Hausa: kisa ne, ko bugun kwaf ɗaya?

1/ Jama'a, ina ɗan rubutu ne kan 'yan damben jihar Michigan ta Amurka, sai kalmar knockout ta tsaya min a wuya. Jihar ta fitar da maza. Floyd Mayweather ɗan Grand Rapids ya yi dambe 50 ba a taɓa buge shi ba, 27 daga ciki da knockout. Ga Claressa Shields 'yar Flint mai zinaren Olamfik a 2012 da 2016, ga Joe Louis da ya tashi a Detroit.

2/ Masu labarin wasanni kan ce bugun kwaf ɗaya. Da daɗi a baki, amma ni bai kwanta min ba. A 1936 sai da Max Schmeling ya kai turmi na 12 yana jibgar Louis kafin ya gama da shi. Ina kwaf ɗaya a nan?

3/ Wani dattijo a ƙasan rubutuna na jiya ya ce mu daina wahala, 'yan damben gargajiya sun riga mu: kisa. Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓa, sai dai da gyara. A dambenmu, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, sai kiɗa. A boksin kuwa alƙali zai ƙirga maka goma, in ka miƙe a ci gaba. A 1939 Tony Galento ya kai Louis ƙasa a turmi na uku. Da a gidan damben gargajiya ne, da tuni an ɗaga Galento sama. Louis ya tashi, a turmi na huɗu alƙali ya tsayar da wasan don ya ceci Galento.

4/ To ga inda na tsaya. Knockdown, wato a kai mutum ƙasa ya tashi, mu ce kayarwa. Ban ce kaye ba, don shan kaye ya riga ya zama kowace irin rashin nasara, har ta zaɓe. Knockout mu bar masa kisa, wato wanda aka ƙirga wa goma bai tashi ba.

5/ Saura irin na Galento, TKO (technical knockout), wato alƙali ya tsayar da wasan. Wani ya kawo “kisan alƙali”. Haba ɗan'uwa, mai karatu zai ɗauka alƙalin aka aika lahira! Na rubuta “kisan tsayarwa” a wuce wurin. Mai wadda ta fi, ya ajiye a ƙasa kafin Juma'a.