Kunamar bindiga mai tauri ce aminci, ko yatsan da ya sha horo?

Alhaji Bala (Houston): Salam jama'a. Tunda ƴan uwa da dama a nan Amurka sun fara ɗaukar fistol a ɓoye saboda tsaron kai, musamman masu tuƙin dare da masu shago, shawarata ɗaya ce, kowa ya sa a ƙara wa kunamar bindigarsa tauri. In kunama na da nauyi ba za ta tashi bisa kuskure ba, shikenan an huta. Ƴan sandan New York ma haka suka yi shekara da shekaru, tasu laba 12 ce, sama da kilo 5.

Sani Dallas: Wa alaikumussalam Alhaji, gaskiya da gyara a maganar nan. Su ƴan sandan New York ɗin da ka kawo ai a 2021 suka fara ba sabbin ɗauka kunama mai laba 5, saboda sun ga tauri yana hana su samun saiti. Duba fa, fistol ƙirar Glock 19 da harsashinta cike ba ta kai kilo ɗaya ba, sai ka ce yatsa ɗaya ya ja kilo 5 a kanta kuma bakinta kar ya motsa? Je filin harbi ka kalli takardar sabon shiga mai harbi da hannun dama, ramukan duk suna ƙasa ta hagu, don fizgar kunama yake yi yana matse sauran yatsun tare.

Alhaji Bala (Houston): Sani ni ba gasar harbi nake magana ba. Mai tsaron kai ɓarawo na gabansa taku uku, wane saiti kuma?

Hajiya Maman Iman: Alhaji ranka ya daɗe harsashin da bai samu ɓarawo ba ina yake zuwa? A watan Agusta 2012 a gaban ginin Empire State da ke New York ƴan sanda biyu sun yi harbi 16 kan mutum ɗaya, sun kashe shi, amma mutum 9 masu wucewa sun ji rauni kuma duk daga harbin ƴan sandan ne. Waɗannan fa masu horo kenan. Ni a asibiti nake aiki, wallahi duk wanda ya taɓa ganin abin da harsashi ke yi wa cikin mutum ba zai ce saiti wasa ba ne.

Abba Columbus: Hajiya ba za a ɗora wannan duka kan kunama ba fa, titi ne cike da mutane ga firgici. Ni ina ganin Alhaji na da hujja ta wani gefen. Mutum in ya razana ko ya yi tuntuɓe hannunsa damƙewa yake yi da kansa ba da saninsa ba, toh a nan ai nauyi zai taimaka.

Sani Dallas: Abba wannan damƙar ta razana ƙarfinta na iya wuce laba 12 ɗin, in yatsanka na ciki za ta tashi ko da tauri ko babu. Shi ya sa cikin ƙa'idoji huɗu na Jeff Cooper, shahararren malamin koyar da harbi, ta uku take cewa yatsa ba ya taɓa kunama sai ka ɗora saiti kan abin da za ka harba. Yatsa miƙe yake zama a jikin bindiga can sama, kuma wannan ba ƙarfe ne zai koya maka ba sai maimaici har ya zama jiki. Sannan wurin mayar da ita kube ake yawan harbin cinya, gefen riga ko igiyar jaket ta shige ta ja kunamar mutum na gaggawa bai duba ba, mu kuma masu son manyan kaya sai mu ƙara kula.

Alhaji Bala (Houston): Toh amma gwamnatin Texas da kanta ta cire wajabcin lasisi tun 1 ga Satumba 2021, in ka kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta maka ba ka ɗauka kawai. Da horo dole ne da ba su cire ba.

Malam Nura: Alhaji doka ta ce ba za a kama ka ba ne, ba ta ce ka iya ba. Ko ajin lasisin Texas ɗin ma awa 4 zuwa 6 ne da harsashi 50 a yadi 3, 7 da 15, kana tsaye da rana babu mai binka. New York bayan hukuncin kotun ƙoli na 2022 kan ɗaukar bindiga awa 16 a aji suka sa da awa 2 na harbi. Ni abin da ya fi damuna ma ba yatsa ba ne, sanin lokacin da bai halatta ka zaro ta ba, don rai ne, za ka amsa a kotu kuma ka amsa a gaban Allah.

Abba Columbus: Wannan haka ne Malam. Amma kuɗin harsashi fa? ba kowa ke iya zuwa filin harbi duk sati ba.

Sani Dallas: Akwai atisayen da ba harsashi. Ka cire magazin, wato gidan harsashi, ka duba ciki sau biyu da ido da yatsa, harsashi ya koma wani ɗaki daban, ka fuskanci inda ko an samu kuskure ba kowa a bayansa, ka ɗora kwabo a saman bindigar ka ja kunama a hankali kai tsaye baya, in kwabon ya faɗi ka san fizga kake yi. Amma a fara da malami mai takarda tukuna.

Alhaji Bala (Houston): Na ji, sai dai ni har yanzu tawa da tauri zan bar ta, hankalina ya fi kwanciya. Sani turo min lambar malamin naku, Asabar ba ni da aiki.

Hajiya Maman Iman: Ku tambaye shi har da akwatin kullewa Alhaji, akwai jikoki a gidan nan.